Fayif ɗin esin tsohuwar motarka na zafi kamar dutsen guga? Duba waɗannan kafin a sake ɗura maka gas

Wani abokina ne ya kira ni shekaranjiya hankali a tashe, wai ya buɗe bonet ɗin tsohuwar Corolla ɗinsa ya taɓa fayif ɗin esi ya ƙone masa yatsa, ga shi sanyin ma ya ja baya, kuma mai gyara ya riga ya yanke hukunci wai gas ne ya yi ƙasa, a kawo kuɗi a ƙara. Na ce masa tsaya tukuna, wanne fayif ɗin ka taɓa? Ya ce ai fayif fayif ne. To a nan gizo ke saƙar, domin a esin mota akwai fayif ɗin da in bai yi zafi ba shi ne ma abin damuwa, akwai kuma wanda ko ɗumi ya yi to akwai magana.

Ni ba makanike ba ne, kar wani ya ɗauka haka. Camry ce da ni ƙirar 1999, wadda ake ce wa fensir layit, ita ce ta sa ni a makarantar dole, kuma na biya kuɗin makarantar har da na tara. Abin da na koya a wajen masu gyaran da suka san hannunsu da kuma littafin gyara na Toyota shi zan zuba a nan, kuma yawancinsa zai yi aiki ko Golf 3 ce da kai, ko 406, ko Honda bebi boi, tunda tsarin kusan ɗaya ne.

Esi ba sanyi yake ƙirƙirowa ba, zafin cikin mota yake kwashewa ya kai gaba ya zubar. Kwamfiresa ta matse gas ya fito da zafi ta wani fayif matsakaici zuwa kondensa, wato wannan siririyar mai kama da lagireto da ke gabansa, iska ta busa ta gas ya huce ya koma ruwa, sai ya bi siririn fayif mai kaurin fensir ya ratsa diraya, wato ɗan tulun da ke tsotse danshi ya tace datti, ya isa wani ɗan bawul mai matsattsiyar ƙofa da masu gyara ke kira ekispanshon, daga nan ya fesu cikin ibaforeta da ke ɓoye a cikin dashbod, ya ɗauki zafin cikin mota, ya dawo wa kwamfiresa ta fayif mai kauri. Fayif uku kenan, kuma kowanne da yanayin jikinsa. Na farko, daga kwamfiresa zuwa kondensa, aikinsa ne ya yi zafi, digiri 70 zuwa 90 ba abin tashin hankali ba ne, ba za ka iya riƙe shi ba. Sai in ya doshi 105 zuwa sama ne ake tsorata, don a nan man kwamfiresa ke fara ƙonewa. Na biyu, siririn, ɗumi kawai ya kamata ya yi, ya ɗan ɗara zafin garin, ka riƙe shi ba tare da ka yarfe hannu ba. Na uku mai kaurin shi ne ya kamata ya yi sanyi kamar kwalbar lemo daga firji, har ka ga yana gumi.

Saboda haka tambayar farko ita ce wanne ne ya yi zafi. In na farkon ne kaɗai, sauran biyun suna yadda na faɗa, cikin mota kuma na sanyi, rufe bonet ɗinka ka tafi harkarka. Haka nan in esi a kashe yake ka yi doguwar tafiya ka taɓa su duka ka ji zafi, wannan zafin inji ne ya dafa su, alminiyom ne, ba ya jin wuyar ɗaukar zafi. Amma in esi na aiki siririn fayif ɗin ya ƙone ka, ko mai kaurin ya ƙi sanyi, ko kwamfiresa na kamawa tana saki kamar mai shaƙuwa, to ci gaba da karatu.

Kayan aikin ba su da yawa. Geji mai fuska biyu na auna furesha, wato ƙarfin matsin gas, shuɗi na ɓangaren fayif mai kauri da ja na ɓangaren siririn, wanda duk mai gyaran esi ke da shi, ka iya aro ko ka tsaya a kansa yana aunawa kai kana karantawa. Sai ma'aunin zafi mai kamar bindiga in da hali. Ka lura, fayif ɗin alminiyom mai sheƙi yana ruɗa irin wannan ma'aunin ya ba ka lamba ƙasa da gaskiya, sai ka naɗa ɗan baƙin salatif a wurin ka auna a kansa. Sai robar ruwa da takarda guda. Kuma don Allah a kiyaye, fankar lantarki tana tashi da kanta ba sallama, hannun babbar riga ko jelar rawani ba su da wurin zama kusa da fambel, gas ɗin nan kuma in ya fesu a ido daskarar da shi yake yi nan take. Ka taɓa fayif da bayan yatsa ka ɗauke, kar ka damƙe.

Awon farko da safe ake yinsa, motar ta kwana ba a tayar ba. A ɗaura geji inji a kashe, allura biyun za su tsaya kusan wuri ɗaya. In gas ɗin R134a ne tsantsa, wato irin wanda esin waɗannan motocin ke ci, lambar tana bin zafin gari ne, a digiri 30 za ka ga wajen 97 psi, a 35 wajen 114, a 40 wajen 133. In gari na digiri 30 ka ga allura ta haye 150 ko fiye, to abin da ke ciki ba R134a kaɗai ba ne, ko iska ta shiga ko an cakuɗa maka da wani gas. R22 na esin ɗaki misali, a digiri 35 yana kai wajen 180, in aka zuba shi a mota fayif zai yi ta tafasa komai lafiyar fanka. In kuma lambar ta faɗi can ƙasa kamar 40 ko 50, gas ya kusa ƙarewa, akwai yoyo. Abin da wannan awon ba zai gaya maka ba shi ne yawan gas ɗin, ko rabi ne a ciki ko ya yi yawa lamba ɗaya za ka gani, kar wani ya nuna maka allura inji a kashe ya ce ka ga ya cika.

Yanzu a tayar da mota, a kunna esi, iska a ƙure, sanyi a ƙure, a riƙe totur a wajen 1,500. Littafin Toyota na motocin wancan zamanin ya ce in iskar da ke shiga tana digiri 30 zuwa 35, shuɗin ya zauna tsakanin 21 da 36 psi, jan kuma tsakanin 199 da 228. Amma fa wanda ya rubuta littafin ba a Sakkwato yake zaune a watan Afrilu ba. In rana ta take gari ya wuce 40, motar kuma a tsaye, ka ga ja ya kai 280 ko 300 ba za a ce an shiga uku ba. Abin kallo shi ne ko allurar tana tsayawa wuri ɗaya ko hawa take yi ba birki. In ta wuce 350 tana ci gaba, kashe esi. A Toyota akwai makunnin da ke yanke kwamfiresa da kansa a wajen 455, shi ne wannan kamawa da sakin da kake ji a gosulo, kuma in wani ɗan rewaya ya taɓa yi maka dabarar haɗa wayar kai tsaye ya tsallake makunnin, to babu mai yankewa, tiyo ne zai yanke hukunci.

Mu ce ja ya hau sosai, siririn fayif ya yi zafi. A ƙasarmu, kafin ka zargi komai, ka zargi iska. Kondensa ba ta samun iskar da za ta huce, shi ne dalilin da na fi cin karo da shi nesa ba kusa ba. Alamarsa a bayyane take, a kan titi kana gudu sanyi kamar Jos a watan Janairu, da ka shiga cunkoso ko ka tsaya a danja sai iska mai ɗumi. Gwajin mai sauƙi ne, motar na kan silo esi a kunne, ka ɗauki robar ruwa ka watsa wa kondensa. In jan allura ya rikito ƙasa nan take, iskar cikin mota ta ƙara sanyi, to ka san kondensa ce ta kasa zubar da zafi, saura ka gano dalili.

A nan ne ni na sha tawa. Wata bazara fankar gefen esi ta mutu, aka sayo min ta Beljiyom aka ɗaura, filogin bai zo daidai ba sai yaron shagon ya yanke ya haɗa wayoyi da hannu. Fanka na juyawa har da ƙara, kowa ya ce an gama. Bayan kwana biyu sanyi ya gudu a gosulo. Na koma, aka ce gas, aka ƙara. Bayan mako na sake komawa, aka sake ƙarawa, kullum sai a nuna min fanka a ce ka gani tana aiki Alhaji. Karo na uku ina tsaye a layin mai sai na ji fuuus kamar taya ta fashe, farin hayaƙi ya turnuƙe daga bonet, mutane suka watse ana a kawo ruwa, ashe tiyon kwamfiresa ne ya tsage, ya fesa mai ko'ina. Daga nan aka kwatanta min wani dattijo mai gyaran esi. Bayan ya sa sabon tiyo, kafin ya zuba ko ɗigon gas sai ya ce a ba fankar wuta, ya yagi takardar buhun siminti ya kara a gaban kondensa ya saki. Takardar ta tashi ta faɗo a ƙafata. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, fankarka waje take hurawa, wa ya haɗa maka wayar nan?" Na ce Baba ai juyawa take. Ya ce, "Juyawa daban, jan iska daban." An juya wayoyi biyun ne, maimakon ta jawo iskar waje ta ratsa kondensa ta wuce baya, sai take kwaso zafin inji da na lagireto tana watsa wa kondensa. Ya musanya wayoyin, ya sake kara takarda, ta manne ɗam kamar an sa mata gam.

To kai ma yi wannan gwajin, takarda ko leda a gaban kondensa, in ta manne iska na tafiya daidai. Ka gwada ɓangaren dama da na hagu daban-daban, don motoci da yawa fanka biyu gare su, kuma wasu suna da gudu biyu, a hankali da kuma da ƙarfi, rile, wato ɗan makunnin lantarki, shi ke canzawa idan furesha ta hau. Rile ɗaya ya ƙone sai ka ga fanka na juyawa a sanyaye har abada, ido ya ga tana aiki amma iskar ba ta kai ta kawo ba. Masu Golf 3 ku duba da kyau, a yawancinsu fanka ɗaya ce mai moto, ɗayar wani ɗan siririn bel ne ke jan ta, in ya tsinke sai ta zama 'yar kallo. Masu tsohuwar Hilux ko Land Cruiser da fankarsu ke jikin inji, akwai kuloci mai mai a tsakiyarta, in ya mutu fankar na juyawa amma ba ƙarfi. Inji a kashe bayan ya yi zafi ka tura ta da hannu, in ta yi ta wulwulawa kamar fankar sili da aka ɗauke wa wuta, ta gama aiki. Tsohon moto ma kan gaji, gawayinsa ya cinye, gudu ya ragu, wannan sai ka kwatanta da wata mota irin taka ka ji bambancin iskar a tafin hannu.

In fanka lafiya lau, haska tocila ta bayan kondensa ka leƙa ta gaba. Ƙurar hunturu in ta haɗu da ɗan man da ya tsatso sai ta zama kamar laka ta toshe 'yan ramukan nan. Wurin da mutane ba sa dubawa shi ne tsakanin kondensa da lagireto, 'yar tazarar nan da ba ta fi yatsa biyu ba, a nan leda da ciyawa da gashin kaza ke taruwa su yi katifa. Sai an kwance ƙusoshin saman lagireto an ɗan tura shi baya ake gani. A wanke da ruwa marar ƙarfi, in da hali daga baya zuwa gaba, kuma ka hana yaran wankin mota kafa mata bakin injin feshi kusa-kusa, ƙarfin ruwan na kwantar da 'yan fikafikan alminiyom ɗin, in suka kwanta kuwa iska ta daina wucewa. Ka duba robar da ke kewaye da fanka ma, da soson da ke toshe gefe-gefe, tsofaffin motocinmu da suka sha karo da fanel bita yawanci an zubar da su wai ba su da amfani, alhali su ne ke tilasta wa iska bi ta cikin kondensa maimakon ta zagaye. Da ma'aunin zafi kuma ka auna inda fayif ya shiga kondensa da inda ya fito, ya kamata a samu ragin kamar digiri 10 zuwa 25. In kusan ɗaya ne ba ta huce komai ba. In kuma ragin ya yi yawa ƙwarai, wani ɓangaren fuskarta zafi wani sanyi, to a toshe take ta ciki.

Kar a manta da injin kansa. In allurar zafin inji na haurawa rabi idan ka kunna esi, lagireto ya toshe ko famfon ruwa ya gaji, gyara wannan tukuna, don kondensa da lagireto maƙwabta ne na katanga ɗaya, zafin ɗaya na shafar ɗaya.

To in iska na wucewa yadda ya kamata amma har yanzu shuɗi da ja duk suna sama, abu uku ne suka rage, kuma mai kaurin fayif ɗin nan shi zai raba gardama. In gas ne ya yi yawa, za ka ji shi da sanyi, amma cikin mota ba wani sanyin kirki, inji na nishi idan kwamfiresa ta kama. Motocin da ke da ɗan gilashin leƙe a kan diraya ko a kan siririn fayif, ka sa wani ya kashe esi kai kana kallo, in ya yi kumfa sannan ya washe gas daidai yake, in ya tsaya garau ba kumfa ko kaɗan to ya yi yawa. In kuma iska ce ta shiga cikin layin, mai kaurin ba zai yi sanyi ba, wani lokaci har zafi za ka ji, gilashin kuma na ta kumfa ko da an ƙara gas, shi ya sa mai gyaran da bai gane ba zai yi ta ƙarawa yana jiran kumfa ta ɓace. Iska ba ta komawa ruwa a kondensa, wuri kawai take tarewa ta ɗaga furesha. Tana shiga ne idan an buɗe layi aka rufe aka ɗura gas ba a zuƙe ba, ko aka gwada yoyo da iskar injin faci, wanda wannan ma ya fi muni don har da danshi yake turawa. Na uku shi ne ekispanshon ya maƙale a buɗe, a nan mai kaurin zai jiƙe sharkaf ko ya yi farin ƙanƙara har zuwa jikin kwamfiresa.

Maganin biyun farko ɗaya ne, kuma ba wai a danna bakin bawul a rage kaɗan da ka ba. A kwashe gas ɗin duka, a ɗaura injin zuƙe iska na aƙalla minti 30, a rufe a jira a ga allura ba ta dawo ba, sannan a zuba gas a kan sikeli. Akwai sitika a ƙarƙashin bonet ko a kan ƙarfen gaba da ta faɗi giram nawa motar ke ci, yawancin ƙananan motoci tsakanin 450 ne da 900. Ido ba mudu ba ne a wannan harkar, ko kiman ma bai sani ba. In mai gyaranka ba shi da sikeli ba shi da injin zuƙa, gwangwani kawai yake jijjigawa yana taɓa fayif, gara ka nemi wani. Kuma duk wanda ke ɗurawa, bawul ɗin jan gefe a rufe yake in inji na aiki, in aka buɗe shi furesha za ta koma cikin gwangwanin, yana iya fashewa a hannu.

Maganar ingancin gas kuwa ba wasa ba ce. A 2011 an samu jabun R134a da aka cakuɗa da wani gas mai suna R40, har kwantenoni masu firji suka fashe a Biyetnam da Barazil aka rasa rayuka, don shi R40 faɗa yake da alminiyom. Gwangwanin da ya fi kowanne araha a kasuwa ka yi masa kallon tsanaki, awon safiyar nan da na faɗa shi ne ɗan abin da talaka zai iya yi ba tare da na'urar tantance gas ba.

Yanzu ɗaya gefen, wanda ke ruɗa mutane. Ƙarancin gas ma na sa zafi. Gas mai sanyin da ke dawowa ta mai kauri shi ke sanyaya kwamfiresa, shi ke kuma ɗauko mata mai. In ya yi ƙasa, shuɗi da ja duk za su sauka, mai kaurin ya ƙi sanyi, amma jikin kwamfiresa da bakin fayif ɗinta su yi zafin da ya wuce misali. A nan mai cewa gas ne ya yi gaskiya, sai dai gas ba fetur ba ne, ba ƙonewa yake ba, in ya ragu ta wani wuri ya fita. Ka bi layin da ido, duk inda ka ga danshin mai da ƙura ta manne, musamman mahaɗar tiyo da ƙarfe, bakin kwamfiresa ta bayan kulocinta, wato faifan gabanta da ke kamawa yana saki, da kusurwoyin kondensa, nan ne. Ruwan omo a soso ma na nuna kumfa. In za a matsa layi don gwaji da naitirojin ake yi, kar ka taɓa bari mai walda ya sa maka iskar oksijin, ita da mai wuta suke yi.

Toshewa kuma da hannu ake kama ta. Ka bi siririn fayif daga kondensa kana taɓawa taƙi bayan taƙi, ɗuminsa ya zama ɗaya har ya shige bangon da ya raba inji da cikin mota. Duk inda ɗumi ya yanke sanyi ya fara kwatsam, a nan toshewar take, ko fayif ya lanƙwashe a wani tsohon karo, ko diraya ta cika. Diraya mai lafiya shigarta da fitarta ɗumi ɗaya ne, in ka ga tana gumi ko ƙanƙara ta mutu. A geji za ka ga shuɗi na faɗuwa zuwa sifili ko ƙasa da shi. In kuma yana faɗuwa ne sanyi ya ɗauke, ka kashe minti kaɗan ka kunna ya dawo lafiya, can ya sake, to danshi ne ke daskarewa a bakin ekispanshon yana narkewa, sai sabuwar diraya da zuƙa mai kyau. Ni dai ra'ayina, tsohuwar mota in an buɗe layinta ya kwana a buɗe, a canza diraya kawai, ba ta kai kuɗin kwamfiresa ba.

In shuɗi ya hau ja kuma ya sauka, suna neman haɗuwa a tsakiya, fayif na farko ba zafi mai kauri ba sanyi, kwamfiresa ce ta gaji ba ta matsawa. In za a canza a zazzage man tsohuwar a farar takarda, in baƙi ne da ɗan ƙyalƙyalin ƙarfe to garin ya bazu a layin, dole a wanke fayif-fayif, a canza diraya da ekispanshon. Kondensa mai 'yan siraran hanyoyi a jere ba ta wankuwa, canzawa ake, in ba haka ba kwamfiresar da ka sayo a Ƙofar Ruwa ko Panteka wata biyu za ta yi ta bi 'yar uwarta. Wani lokaci kuma zafin daga kuloci yake, ka ji ƙaurin ƙuna, fuskar kulocin ta yi launin toka ko shuɗi-shuɗi, santsi yake yi saboda tazararsa ta buɗe ko wuta ba ta isa. A kwamfiresar Denso tazarar wajen rabin milimita ce, ana rage ta da cire ɗan siririn washa, ba sai an sayi sabuwa ba.

Masu motocin da suka girmi 1993 ko 1994, irin su Marsandi 190 da Fijo 505, naku da ƙarin bayani. An ƙera su ne don R12, wanda aka daina saboda yarjejeniyar Montreal ta 1987 kan lalata ozon, za ka gane su da bakin ɗura gas mai zare kamar na taya. In an mayar da su R134a, ba a cika masu adadin da ke kan sitika, kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari ake sawa, man ma daban ne, na R12 ba ya tafiya da R134a sai an sa wani mai irin wanda ake kira ester. Kuma ko an yi komai daidai, tsohuwar kondensar ta yi wa sabon gas ƙanƙanta, ja zai riƙa zama sama, fayif ya fi zafi. Ƙara fankar lantarki a gaba ko sa kondensa ta zamani shi ke kawo sauƙi.

Sai abu na ƙarshe da ba ya bukatar geji ko kaɗan, ka duba hanyar da fayif ya bi. Motar da aka sauya wa inji, ko aka mayar da sitiyarinta daga dama zuwa hagu, sau da yawa za ka tarar an ja tiyon esi ya bi ta gefen manifol ɗin salansa, garkuwar gwangwanin da ke tare zafi kuma an jefar tun tuni, soson da ke naɗe da mai kaurin ya ruɓe. Gas ya fito daga dashbod da sanyinsa ya gasu a hanya kafin ya kai kwamfiresa. Ka taɓa shi a bakin bango ka taɓa kusa da kwamfiresa, in bambancin ya yi yawa a ɗaga shi daga wurin, a mayar da garkuwa, a naɗe shi da soson fayif irin na masu esin ɗaki.

Shi abokin nawa mai Corolla jiya muka buɗe tasa a ƙofar gida. Siririn ne ya ƙone shi. Takarda ta manne a dama ta zame a hagu, rile ɗaya ya narke a cikin akwatin fis, da muka tura lagireto baya kuma muka zaro ledar fiya wata guda huɗu da wani abu da har yanzu muna gardamar ko tsuntsu ne. Gas ɗinsa ko giram ɗaya ba a taɓa ba, ja ya sauko daga 340 ya zauna a 230.